Yanda ake haɗa kabazol a lab, sinadarin nan da ke ɓoye cikin kwalta da man dutse

Duk ranar da na ce wa ɗalibai yau kabazol zamu haɗa, wato sinadarin nan mai zobe uku, zoben benzin biyu da wani zobe mai naitirojin a tsakaninsu, ba a rasa wanda zai ɗaga hannu ya ce malam ai an ce abin nan yana nan jingim a cikin kwal, kamfanoni ma sun riga sun tace shi sun zuba a kwalba, to mene ne na tsayuwar awa huɗu gaban wuta muna shaƙar warin asid? Tambaya ce mai kyau, kuma ni ba na bari a taɓa filas, wato kwalbar gilashin da ake haɗa sinadarai a ciki, sai an amsa ta, sabida wanda bai san dalilin aiki ba hannunsa ne kawai ke aiki.

A 1882 wani malamin kimiyyar sinadarai Bajamushe mai suna Viktor Meyer yana koyarwa a Zurik ta ƙasar Siwizalan, ya zo zai nuna wa ɗalibai gwajin da kowa a lokacin ya yarda shi ne alamar benzin: ka haɗa benzin da wani sinadari da ake kira isatin, ka ɗiga asid salfiyurik, sai abu ya koma shuɗi. Ran nan aka zuba aka girgiza, shiru, ba shuɗi ba alamarsa. Da aka bi diddigi sai aka gano benzin ɗin ranar a lab aka yi shi daga asid benzoyik, ba na kwalta ba ne. Ashe duk shekarun nan ba benzin ke ba da launin ba, wani ɗan baƙo ne mai farar wuta a jikinsa da ya laɓe cikin benzin ɗin kwalta, zafin tafasarsu kusan ɗaya ne shi ya sa tacewa ba ta raba su. Haka aka gano tayofin. Kar ka ce wannan labarin zamanin da ne, wajen 2020 rukunin Farfesa Bin Liu a jami'ar ƙasa ta Singafo sun nuna cewa hasken nan mai daɗewa da ake gani a sinadaran da aka gina kan kabazol bayan an kashe fitila, wanda mutane suka yi ta rubutu a kai, wani ɗan'uwansa ne ke jawo shi, mai adadin ƙwayoyin zarra iri ɗaya da shi amma zubi daban, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba a kabazol ɗin kasuwa da ake cirowa daga kwalta. Da suka haɗa nasu a lab sai hasken ya kusa ɓacewa. Kaga shekara fiye da ɗari da talatin a tsakani amma rami ɗaya aka sake faɗawa. Abin da ka ciro daga kwal kullum yana tafe da 'yan rakiya, wanda ka haɗa da hannunka kuwa ka san duk abin da ka zuba, ko datti ya fito ka san ta inda zaka neme shi.

Ita kanta kalmar kwalta da muke faɗa daga nan ta samo asali, baƙin ruwan nan mai danƙo da ke fita idan aka gasa kwal a tanderu babu iska da zafi wajen digiri 1000 don a samu gawayin narka ƙarfe. Abin da ake shimfiɗawa a titi yanzu yawancinsa daga ɗanyen mai yake fitowa, sunan ne dai ya maƙale. Cikin kwaltar asali akwai dubban sinadarai, naftalin ya fi kowa yawa, wajen kashi 10 cikin ɗari. Friedlieb Runge ya ciro finol da anilin da kwinolin daga cikinta a 1834, shi kuma kabazol Carl Graebe da Carl Glaser ne suka zaƙulo shi a 1872. Matsalarsa yana zaune ne cikin kason da ake kira man antirasin, antirasin da fenantirin duk suna tafasa wajen digiri 340 shi kuma wajen 355, to ka ga raba waɗannan da tururi kaɗai sai an sha wuya.

Shi kuma dutsen mai wani laka ne da ya daskare tun fil azal da ragowar halittun ruwa a cikinsa, abin da ake kira kerojin, ba ya narkewa a komai sai an gasa shi wajen digiri 500 sannan ya saki mai. An daɗe ana wannan sana'a a Sikotlan tun ƙarni na 19 har aka rufe a 1962, Istoniya kuwa har yau suna yi. Man da ake samu daga duwatsun Green River da ke jihohin Kolorado da Yuta da Wayomin a Amurka naitirojin ɗinsa ya kai kusan kashi 2 cikin ɗari, ya ninka na yawancin ɗanyen mai sau da yawa, kuma wannan naitirojin yana ɗaure ne cikin dangin firidin da kwinolin da indol da kabazol. Su ne ke kashe wa matatun mai sinadarin da ke hanzarta musu aiki, kabazol kuma yana cikin masu taurin kai wurin cirewa. Duk mai son auna su ko gwada yanda za a raba mai da su, dole ya fara da tsantsar abu a hannunsa wanda zai kwatanta da shi. Aikinmu ke nan.

Kafin komai, wannan aikin lab ne mai akwatin zuƙe hayaƙi da malami ko babba a kusa, ba na ɗaki ko gareji ba. Abin da ya fi ba ni tsoro a ciki shi ne fenilhaidirazin. Emil Fischer da kansa wanda ya gano shi a 1875, mutumin da ya ci kyautar Nobel a 1902, wannan sinadarin ya yi masa illa ta shekaru a jikinsa da fatarsa. Yana ratsa fata ya shiga jini ya farfasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma ana zarginsa da jawo kansa. Safar hannu biyu nake sawa, in ɗigo ɗaya ya taɓa ta sama in cire ta nan take in sa wata, ba a cewa bari in ƙarasa. Tabarau a ido tun daga shiga har fita, rigar lab a ɓalle maɓallanta. Asid asetik mara ruwa shi ma yana ƙona fata kuma tururinsa na kama wuta, don haka harshen wuta ba shi da wuri a nan, da kaskon lantarki ko wankan mai zaka ɗumama.

Hanyar hawa biyu ce. Da farko mu gina tetirahaidurokabazol, wato kabazol da zobensa ɗaya yake ɗauke da ƙarin haidirojin huɗu, ta hanyar da Fischer ya fito da ita a 1883 ta gina indol, wadda masanan sinadarai Drechsel da Borsche suka ɗora a kan wannan sinadarin daga baya. Sannan mu zare haidirojin huɗun nan. Zan dinga ce masa tetira kawai don kar harshe ya harɗe.

Ga abin da zaka auna: sayikuloheksanon giram 4.9, wajen mililita 5.2 ke nan, fenilhaidirazin giram 5.4, wajen mililita 4.9, kowannensu mol 0.05 (mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari), sai asid asetik mara ruwa mililita 18. Kayan gilashi kuma filas mai zagayayyen gindi na mililita 100 mai baki biyu ko uku, kwandansa ta tsaye (bututun gilashi mai sanyaya tururi ya koma ruwa), mazurarin ɗigo, ɗan maganaɗisun juyawa, kofin gilashi, sandar gilashi, ƙanƙara, mazurarin Buchner da takardar tacewa.

Ka dubi kwalbar fenilhaidirazin ɗinka da kyau kafin ka auna. Mai kyau ruwa ne fatsi-fatsi mai ɗan rawaya, in ɗakin da sanyi ma zaka same shi a daskare tunda wajen digiri 19 yake narkewa, sai ka ɗora kwalbar cikin ruwan ɗumi, ba a kan wuta ba. In ka ga ya yi ja wur ko ya koma baƙi-baƙi to iska da haske sun gama da shi. Na taɓa karɓar irin wannan kwalbar daga sito a wani lab da na yi aiki, na ga launin amma na ce ai zai yi, aji guda muka yi yini, da muka juye a kofi maimakon farin abu ya daskare sai wani jan danƙo ya kwanta a gindi yana bin sanda kamar ƙaro, muka kankara muka sa ƙanƙara muka jira har magariba bai ba da ƙwaya ɗaya ba. Abin ya dame ni ƙwarai don yaran sun yi komai daidai, laifin kwalbar ne da ni da na yarda da ita. Tun ranar in ya yi duhu ko dai a tace shi da tururi a ƙarƙashin bakiyum, wato bayan an zuƙe iskar ciki, wanda aikin ƙwararre ne, ko kuma in koma ga gishirinsa na haidirokulorayid, giram 7.2, farin gari ne da ya fi jure ajiya kuma ya fi sauƙin aunawa, guba dai tana nan yanda take kuma ƙurarsa ba abin shaƙa ba ce.

Zuba sayikuloheksanon da asid asetik a filas, jefa maganaɗisu, ɗaura kwandansa, ka buɗe ruwa ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama, ka tabbata saman kwandansar a buɗe yake, ba a taɓa ɗumama abu a rufe ruf. Ɗumama har ya fara tafasa a hankali, asid asetik wajen digiri 118 yake tafasa, zaka ga zoben tururi yana hawa cikin kwandansa yana komowa ɗigo-ɗigo, kar zoben nan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na tsawonta. To yanzu sai ka fara sakin fenilhaidirazin daga mazurarin ɗigo, a hankali, ka ba shi minti 20 zuwa 30. Nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki, don haɗuwar da kanta zafi take fitarwa, in ka antaya shi gaba ɗaya sai tafasa ta yi tsalle ta haura kwandansa, ga ɓarna ga haɗari. In ka ga tafasar ta ƙaru bayan 'yan ɗigo to ka rufe famfon mazurari ka jira ta lafa. Ruwan zai tashi daga fari ya koma rawaya har zuwa ruwan ƙasa-ƙasa, wannan ba komai. Bayan ɗigon ƙarshe ka bar shi yana tafasa awa ɗaya.

Awar nan kar ka kashe ta a waya, ɗauki biro ka zana abin da ke faruwa a cikin filas, wallahi yana cikin abubuwan da suka sa na so wannan fanni. Da farko naitirojin ɗin bakin fenilhaidirazin yana kama kabon mai iskar oksijin na sayikuloheksanon, ruwa ya fita, an samu haidirazon. Sai haidirojin ɗaya ya sauya wurin zama, igiya biyun (igiya ita ce abin da ke ɗaure ƙwayar zarra da 'yar'uwarta) da ke tsakanin kabon da naitirojin ta koma tsakanin kabon da kabon. Daga nan sai abin mamakin, ƙwayoyin zarra shida su yi layi kamar zobe, igiyar da ke tsakanin naitirojin biyu wadda dama mai rauni ce ta tsinke, a daidai wannan lokacin sabuwar igiya mai ƙarfi ta ƙullu tsakanin kabon na zoben benzin da kabon na ɗaya zoben, duk a motsi guda. Benzin ya maido da kamanninsa, naitirojin ɗin da ke jikinsa ya juyo ya rufe zobe mai kusurwa biyar, ɗaya naitirojin ɗin kuma a kore shi a matsayin amoniya. Shi ya sa ba ka jin warin amoniya, asid ɗin ke cafke ta nan take. An tabbatar da gwaji da naitirojin mai alama cewa wanda ke manne da benzin shi ke zama, na bakin shi ke tafiya. Asid asetik a nan aiki biyu yake yi, shi ne ruwan da ake narkawa a ciki shi ne kuma mai tura aikin gaba.

Da awa ta cika ka kashe wuta, ka bari tafasa ta tsaya, sannan tun da sauran zafinsa ka juye a kofin gilashi cikin akwatin hayaƙi. Kar ka bar shi ya huce a filas, zai daskare ya zama dunƙule guda da ba ya fita ta ƙaramin baki sai ka sake narkawa. A kofi ka riƙa juyawa da sanda ba tsayawa, zaka ga ya fara gauraya kamar hazo, sai ƙananan ƙwayoyi su bayyana a gefen gilashi, kafin ka ankara duk ya yi kauri sanda na tsayawa a ciki. Juyawar ce ke sa ya fito ƙanana maimakon ƙaton curi mai riƙe datti a cikinsa. In ya ƙi, ya tsaya kamar mai, ka kankari cikin kofin da bakin sanda daidai saman ruwan, ko ka roƙi ƙwaya ɗaya wurin wanda nasa ya fito ka jefa. Sai ka nutsa kofin cikin ƙanƙara ya sauka wajen digiri 5, ka ba shi kamar minti 20.

Tace a Buchner da bakiyum, ka danne shi da murfin gilashi ruwan ya fita sosai. Wanke da ruwan sanyi sau biyu ko uku har warin asid ya ragu, sannan da ɗan itanol mai kashi 75 cikin ɗari wanda ka riga ka sanyaya, kaɗan fa, don yana cin abin naka. Ruwan da ya tsiyaye ba na zubawa a sinki ba ne, akwai ragowar fenilhaidirazin a ciki, a jarkar sharar da aka ware aka rubuta suna zai tafi, haka safar hannu da takardar tacewa.

Abin da ke hannunka yanzu ɗanye ne, launinsa kamar ƙasa-ƙasa ko rawaya. Narka shi cikin metanol mai zafi, daidai wanda zai narkar da shi kawai, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. In launi ya yi yawa ka sauke daga wuta ya ɗan huce ka zuba gawayin tace launi kan cokalin lab, ka mayar ya tafasa minti biyu ka tace da zafinsa ta mazurarin da ka ɗumama. Kar ka kuskura ka zuba gawayi cikin ruwa yana tsakar tafasa, kumfa zai yi ya yo waje. Sai ka rufe ka ajiye ka ƙyale shi ya huce da kansa kafin ƙanƙara, wanda ya huce a hankali shi ke ba da kiristal masu faɗi masu sheƙi. Tace, shanya. Lissafi ya ce iyakar abin da za a samu giram 8.56 ne tunda nauyin mol ɗinsa 171, in ka samu 6 zuwa 7 ka yi aiki. In ka auna ka ga ya haura 8.56 ba gwaninta ba ce, bai bushe ba. Zafin narkewarsa wajen digiri 116 zuwa 118, in naka ya fara laushi tun 105 ya ja har 114 to ka sake wanke shi ta metanol, kar ka wuce da shi hawa na biyu a haka.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, tetira ba ya son iska. Ka bar shi a buɗe kan tebur kwana biyu uku zaka ga farin ya fara rawaya, oksijin ne ke cin sa. In ba ranar zaka ci gaba ba ka zuba a kwalba mai duhu ka toshe ka sa a firij.

Hawa na biyu hanya biyu ce kuma kowacce da halinta. Ta farko da kuloranil, wani rawayan gari mai ƙishin haidirojin. Kowane ɗaya nasa haidirojin biyu yake ɗauka, mu kuma huɗu zamu cire, don haka ninki biyu ake sawa: tetira giram 1.7, wato mol 0.01, kuloranil giram 4.9, a zayilin kamar mililita 50, a tafasa ƙarƙashin kwandansa. Wannan ba aikin awa ɗaya ba ne, yana iya cin yini, kuma ba agogo zai gaya maka ya gama ba, farantin TLC ne, ɗan farantin da ke raba sinadaran da ke gauraye kowanne ya fito da tabonsa. Ka ɗiga tetira ɗinka a gefe, abin cikin filas a ɗaya gefen, ka hau da su da heksen da etil asitet kamar kashi 9 da 1, ka duba a fitilar UV, ranar da tabon tetira ya ɓace daga layin filas to an gama. Da ya huce kuloranil ɗin da ya sha haidirojin zai kwanta, a tace shi, ragowarsa kuma a wanke da ruwan soda mai kaifi da aka sirka a mazurarin rabewa tunda yana narkewa a ciki, kabazol kuwa ba ya narkewa. Ka lura kabazol shi ma yana iya kwantawa tare da shi in ruwan ya yi sanyi sosai, don haka kar ka zubar da abin da ka tace sai ka duba shi a TLC.

Ta biyu da faladiyam da aka shimfiɗa kan gawayi, mai kashi 10 cikin ɗari, kaɗan ake sawa, kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyin tetira, a tafasa cikin ruwa mai babban zafin tafasa irin mesitilin da ke kaiwa digiri 165, ana busa naitirojin a hankali ta sama. A nan haidirojin ɗin iska yake fita, daga giram 1.7 kusan rabin lita zai fito, shi ya sa ake kore shi da naitirojin zuwa cikin akwatin hayaƙi. Ni wannan na fi so in abin da nake nema shi ne tsantsa don kwatance a na'ura, sabida ba ta barin wani datti mai kulorin da zai zo ya rikita maka sakamako. Amma tana da sharaɗi, faladiyam ɗin da ya sha haidirojin in ya bushe a iska ga tururin mai a kusa kama wuta yake yi da kansa. Don haka bari filas ya huce tukuna ƙarƙashin naitirojin, kabazol zai fito ya cakuɗe da baƙin garin, sai ka zuba asiton ya narkar da shi, ka tace ta shimfiɗar garin tacewa da ake kira Celite, kar ka bari iska ta ja ta cikinsa har ya bushe, da ka gama ka jiƙa shi da ruwa sharkaf ka kwashe a kwalbar da aka ware masa. Kwandon takardu ba wurinsa ba ne ko kaɗan.

Ko ta wace hanya ka bi, ka janye ruwan a na'urar busarwa mai juyawa, ka sake fitar da kiristal daga toluwin ko itanol. In kana son na ƙarshen kyau ka ɗumama shi a ƙarƙashin bakiyum ya tashi ya daskare a jikin gilashi mai sanyi, fari fat kamar ɓawon kifi. Daga giram 1.7 iyakarka giram 1.67.

To ta yaya zaka san kabazol ne ba tetira da ya ƙi tafiya ba? Zafin narkewa ya isa ya fara ba ka labari, daga 117 an yi tsalle zuwa wajen 245, tazarar ba ta ɓuya. In lab ɗinku na da GC-MS, na'urar da ke raba sinadarai ta kuma auna nauyin kowanne, tetira yana ba da 171 da wani babban tsini a 143 inda ya yar da etilin, kabazol kuwa 167 ne tsaye ƙyam da ƙyar yake farfashewa. A NMR, na'urar da ke nuna inda kowane haidirojin yake zaune, ka nemi haidirojin takwas ɗin nan na zoben da bai cika ba, suna wajen 1.9 da 2.7, a kabazol dole su ɓace gaba ɗaya, sai ka ga sabon tsini wajen 8.1. In akwai ɗan tudu da ya rage a 2.7 to da saura. A IR, na'urar da ke gano irin igiyoyin da ke cikin sinadari, dukkansu suna nuna igiyar naitirojin da haidirojin wajen 3400, don haka ita wannan ba ta raba gardama, kar ka dogara da ita. In kuna da kabazol na kasuwa ku ɗiga su gefe da gefe a TLC ku kuma harba su a GC ɗaya bayan ɗaya, ku ƙara girman hoton ku dubi gindin babban tsinin, a nan ƙananan baƙi ke fitowa, ɗalibai kan yi shiru in sun ga na kwalbar kamfani da 'yan tsinaye a gefe nasu kuma babu.

Daɗin wannan hanya shi ne da zarar hannunka ya faɗa, ƙofar dangin gaba ɗaya ta buɗe, kuma dama a kwalta da man dutse ba kabazol tsura kaɗai ke akwai ba, masu ɗauke da metil a wurare daban-daban sun fi ba da wahala tunda nauyinsu ɗaya, 181, na'ura ba zata gaya maka wane ne wane ba sai ka kawo mata na kwatance. Masu nazarin yanda ɗanyen mai ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa ma suna duba su, don wanda metil ɗinsa ya tsaya kusa da naitirojin ya kare shi ba ya manne wa laka kamar wanda nasa naitirojin ɗin yake a fili. In 3-metilkabazol kake so, ka maye sayikuloheksanon da 4-metilsayikuloheksanon, ko ka bar shi ka yi amfani da para-tolilhaidirazin, duk wuri ɗaya zasu kai ka, kuma abu ɗaya tak ke fitowa sabida ko ta wane gefe zoben ya rufe sakamakon ɗaya ne. In 1-metilkabazol ne, ka ɗauki oto-tolilhaidirazin, gefe ɗaya a toshe yake dole ya rufe ta ɗayan. Kar ka ce bari ka bi ta 2-metilsayikuloheksanon don neman wannan, a asid asetik wani kaso mai yawa rufewa yake ta wurin kabon mai metil ɗin ya ba ka wani abu da ba zai taɓa zama kabazol ta cire haidirojin ba. Meta-tolilhaidirazin kuma biyu yake haifa a tare, mai zama 2-metil da mai zama 4-metil, sai ka shirya zama gaban kolum ɗin silika ka raba su, kuma ni shawarata ka raba su ka tabbatar da kowanne a NMR kafin ka rubuta suna a kwalba, ka sa kwanan wata da zafin narkewar da ka auna da hannunka da hanyar da ka bi wurin cire haidirojin, don wanda zai ɗauki kwalbar bayanka ya san irin dattin da zai nema in ya ga baƙon tsini.